Balaraba Ramat Yakubu: Yarinyar da aka cire daga makaranta ta zama marubuciya

An haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban mulkin soja da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Sai dai sunan gidan bai kare ta daga abin da ke samun dubban 'yan mata a ƙasar Hausa ba. Tana da shekara 13 aka raba ta da makaranta, aka aurar da ita ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai je ko'ina ba. Daga baya ta koma karatu a ajin manya, kuma ta bayyana cewa yankewar karatun nata ne ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, lokacin ba ta cika shekara 30 ba. Zamani ne da masu karatun Hausa suka ƙaru, musamman mata, bayan gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino.

A Wa Zai Auri Jahila? (1990) ne aka fi ganin abin da ke cin ranta. Labarin Abu ne, 'yar ƙauye da mahaifinta ya hana boko, ya ba dattijo Sarkin Noma aurenta, har ta gudu birni ta nemi ilimi. Duk wanda ya san karkarar Bichi, Dambatta ko Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma gado ke ƙara tsuke ta, ya san yadda talauci da nauyin mai hali ke shiga maganar auren yarinya. Abin lura shi ne Balaraba ba ta ɗauko hujjarta daga waje ba. Da Musulunci ta ƙalubalanci al'adar, tana nuna cewa neman ilimi da yardar mace kafin aure haƙƙoƙi ne da addini ya tabbatar.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, ya bi rayuwar Rabi, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012.

Irin waɗannan littattafai sun sha suka, ana kiransu Adabin Kasuwar Kano da sigar raini, ana zarginsu da ɓata tarbiyya. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.