Kumburin hanji mai daɗewa: alamominsa, illolinsa da yadda ake magance shi

A garuruwa irin su Gololo da ke ƙaramar hukumar Gamawa ta jihar Bauchi, idan mutum ya ga jini a bayan gida, abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne basur ko atuni. Sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai idan gudawa mai jini da majina ta wuce makonni, ta lafa kuma ta dawo duk da shan magani, akwai yiwuwar cutar kumburin hanji ce mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da IBD.

Cutar ta kasu gida biyu. Ta farko, olsar babban hanji, tana farawa daga dubura ta bi babban hanji ba tare da tsallake ba. Likitan Ingila Samuel Wilks ya bayyana ta a 1859. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a asibitin Mount Sinai na birnin New York a 1932. Ita kan iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana barin wasu sassa lafiya, kuma tana cin kaurin bangon hanji. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke far wa hanji bisa kuskure. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35.

Alamominta sun haɗa da murɗawar ciki, matsuwar zuwa bayi ko da cikin dare, rama, kasala da zazzaɓi. Wasu kan samu gyambon baki, ciwon gaɓoɓi, jan ido, ko ƙurji a gefen dubura mai zubar da mugunya ba ya warkewa.

Wahalar da ake fuskanta a yankin Katagum ita ce cututtuka da dama na kama da ita. Atuni na kawo kashin jini. Haka ma tsutsar da ake ɗauka a ruwan rafi da fadama, wadda ba baƙuwa ba ce ga masu noman rani da masunta a bakin kogin Jama'are. Wanda ya fi rikitar da likitoci kuwa shi ne tarin fuka na hanji, domin kamanninsa da cutar Crohn sun yi yawa, alhali maganin ɗayan na iya ta'azzara ɗayan. Shi ya sa ake fara gwajin bayan gida da na jini, sannan a zura na'urar hangen hanji a ciro ɗan nama don bincike. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne: majinyaci daga Gololo kan fara da babban asibitin tarayya da ke Azare, daga nan a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko na Malam Aminu Kano.

Idan aka bar cutar, jinin da ake zubarwa kan jawo ƙarancin jini, yara kuma girmansu kan tsaya. Hanji na iya tsukewa ya toshe, ko ya huje, ko babban hanji ya buɗe ya kumbura ƙwarai, wanda hakan ke buƙatar agajin gaggawa. Wanda ya daɗe da kumburin babban hanji na da ƙarin haɗarin sankara, don haka ake fara duba shi da na'ura bayan kimanin shekara 8 da soma ciwon.

Babu maganin da ke kawar da cutar gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da ita shekara da shekaru. Ga olsar babban hanji mara tsanani ana ba da mesalazine ko sulfasalazine. Idan ta taso da ƙarfi sai a yi amfani da prednisolone na ɗan lokaci. Wannan magani ne da ake samu cikin sauƙi a kemis, kuma shan sa ba da umarnin likita ba yana raunana ƙashi, ya ta da suga da hawan jini. Azathioprine na hana ta dawowa. Allurai irin su infliximab da adalimumab na aiki sosai, sai dai suna da tsada, kuma dole a tabbatar babu tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B kafin a fara su. Cire babban hanji ta hanyar tiyata kan kawo ƙarshen olsar babban hanji, amma cutar Crohn na iya dawowa bayan aiki.

Ana shawartar majinyata su guji ibuprofen da diclofenac, mai cutar Crohn kuma ya bar taba sigari. Ranar 19 ga watan Mayu ce aka ware a duniya domin wayar da kai game da cutar.