Jan bulo a Chadi: abin da ƙona shi ke ci da hanyoyin rage ɓarnarsa

Jan bulo tubali ne na laka da ake ƙonawa da wuta har ya yi tauri. A Njamena, babban birnin Chadi, jama'a da yawa sun fi son gini da shi saboda siminti na da tsada, kuma gidan jan bulo ya fi na ɗanyen tubali jure ruwan sama da ambaliya. Ana haƙo lakar a bakin kogunan Shari da Lagon da gefen gari, a buga bulon da rani, a shanya, sannan a jera shi tudu guda a hura wuta a ƙarƙashinsa na kwanaki. Bulon ba ya nuna sai zafin ya kai kusan digiri 900 zuwa 1,000.

Ɓarnar farko ita ce ta itace. Tun daga ƙarshen 2008 gwamnatin Chadi ta hana sare ɗanyen itace da sayar da gawayi domin yaƙi da hamada. Masu ƙona bulo da dama sun koma amfani da ƙwallon goruba da kashin shanu. Ta biyu kuma ramukan da ake bari bayan haƙar laka: da damina sukan zama kududdufai, sauro ya hayayyafa, yara su faɗa ciki. Ma'aikatan kuwa, galibi ƴan cin rani ne da ake biya gwargwadon bulon da suka buga, suna shaƙar hayaƙi da ƙura ba tare da kariya ba.

Hanya mafi rage wannan ɓarna ita ce bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Ana gauraya ƙasa da ɗan siminti ko farar ƙasa, a matse, a bar shi ya bushe a inuwa, ba a hura wuta ko kaɗan. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001. A Nijar ma, da shi aka gina sabon masallacin Dandaji na cibiyar Hikma, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Sharaɗinsa shi ne tushe mai tsayi da rufi mai faɗin baki, don kada ruwa ya ci bango.

Inda ba makawa sai an ƙona, ana rage makamashi ta hanyar busar da bulo sosai kafin a hura wuta, da shafe tudun da laka don kada zafi ya tsere. Hukumomin birni kuma za su iya keɓe wuraren haƙa, su wajabta cike ramuka bayan an gama aiki.