Hafsoshin da Ba Su Karɓar Albashi

A cikin wannan littafin jubili an ba da labarin masu-bishara da fastoci da malaman makaranta, haka kuwa ya kamata. Amma akwai waɗansu ma'aikata waɗanda sunansu bai taɓa shiga littafin albashin Mishan ba, su ne hafsoshin Rundunar Samari, wadda Turawa su ke kira Boys' Brigade, mu kuwa a nan Bulpiela mu kan ce Birged kawai. Kafinta ne, da malamin makaranta, da malamin asibiti, da direba, waɗanda su kan tashi daga aikinsu da yamma su sa hula da ɗamara su tsaya gaban 'ya'yan waɗansu. Mu da aka ɗora wa nauyin shugabancinsu muna so mu ba da tarihin wannan aiki, domin masu-karatu su san inda aka samo irin wannan soja, su kuma gane abin da ya sa bi da manyan ya fi bi da yaran wuya.

Asalin abin daga birnin Gilasgo ne a ƙasar Sikotlan. Akwai wani ɗan kasuwa sunansa William Alexander Smith, an haife shi a 1854. Ran Lahadi shi malamin makarantar Lahadi ne, ran Asabar kuwa laftanan ne cikin sojan sa-kai na yankinsu. Abin da ya dame shi ke nan: ran Asabar ya kan ba da umurni manyan mutane da yawa su juya kamar mutum ɗaya, kashegari kuwa 'yan yara kaɗan su gagare shi. Sai ya yi shawara ya haɗa fareti da Littafi Mai-Tsarki. Ran 4 ga Oktoba 1883 aka buɗe kamfani na fari a wani ɗakin mishan a North Woodside Road, da yara 28.

Mu lura da abu ɗaya wanda masu-ba da labarin su kan tsallake. Smith bai buɗe ƙofa ba sai da ya sami abokai biyu, wa da ƙane, James Hill da John Hill, su ma sojan sa-kai ne kuma malaman makarantar Lahadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun ran fari, watau, aikin Birged aikin tara manya ne kafin ya zama aikin tara yara. Kayan sawa kuwa aka yi su da araha da gangan: ƙaramar hula, da ɗamarar fata, da farar jaka ta ratayawa, a bisa tufafin yaro na kullum, domin kada talauci ya hana kowa shiga. Alamarsu anka ce, watau ƙarfen nan da a ke jefawa cikin teku ya riƙe jirgi, daga Ibraniyawa sura 6 aya 19 aka ɗauko ta.

Da kamfanoni suka yi yawa aka kafa majalisar hafsoshi a 1885. A 1886 aka yi zangon farko a Tighnabruaich, a bakin teku, yaran kuwa cikin babban ɗaki suka kwana, gama a lokacin ba a yarda a kwantar da su cikin tanti ba tukuna. A 1888 Smith ya bar cinikinsa ya zama magatakardan Birged duka. Amma bai saki kamfaninsa ba. Ya zauna kyaftin na kamfanin Gilasgo na ɗaya har ya rasu ran 10 ga Mayu 1914, ko da ya ke Sarkin Ingila ya riga ya ba shi girman Sir tun 1909. A ganinmu wannan shi ne rabin asirinsa. Hafsan da ke shan wahalar daren fareti cikin sanyi ya san wanda ke aiko masa da takardar umurni shi ma yana tsaye a nasa filin a wannan mako.

Sauran rabin kuwa ka'ida ce guda: kowane kamfani na wata Ekklesiya ne, ita ce kuma ke gabatar da hafsoshinsa. Wannan ka'ida ta sha gwaji. A zamanin da Haldane ya ke ministan yaƙi na Ingila, wajen 1910, gwamnati ta so ƙungiyoyin samari masu-fareti su shiga ƙarƙashin soja su zama kadet, a ba su taimako da kayan aiki, waɗanda suka ƙi kuwa a janye musu alherin da a ke yi musu a dā. Smith kansa tsohon hafsan sa-kai ne, ba ya ƙin soja, duk da haka ya ƙi, hafsoshinsa masu-yawa kuma suka goyi bayansa. Wata ƙungiya ta Ekklesiyar Ingila, Church Lads' Brigade, ta karɓa a 1911, ba ta fita ba sai 1936. Birged ma, bayan rasuwar Smith, da Babban Yaƙi ya yi tsanani, ta bar kamfanoninta su karɓa a 1917, sa'an nan ta janye a 1924. A 1926 ta haɗu da Boys' Life Brigade, wadda tun kafuwarta a 1899 ta ƙi bindiga, koyon ceton rai da taimakon gaggawa ta sa gaba. Domin wannan haɗuwa aka ajiye bindigogin wasa da yara su ke saɓawa, aka kuma ƙara jan gicciye a bayan anka. Shi ya sa yaranmu yau suna da kofur da saje da begila da ganga, amma ba su da bindiga ko ta itace.

Birged ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin Ekklesiyoyin Nijeriya da na Gwalkwas. Mu a arewa Bishara kanta ta makara zuwa. Fada-fadan Katolika sun sauka Navrongo a 1906. Mutanen Basel sun zauna Yendi a 1913, yaƙi ya fitar da su a 1916. Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na Assemblies of God, sun shigo Yendi daga ƙasar Mosi a 1931, daga nan aikin ya kai Tamale. Fareti kuwa ya riga Bishara zuwa nesa ba kusa ba.

Gama ƙasarmu ƙasar soja ce. Tun 1863 Glover ya tara Hausawa a Legas ya mai da su dakaru, a 1879 aka kafa rundunar Gwalkwas ta kanta, wadda ta zama rajimanti a 1901. Turawa sun mai da Tamale babban birnin Yankunan Arewa a 1907, daga arewa kuma su ke ɗebo mafi yawan kuratansu: Dagomba, da Gurunshi, da Farafara, da Mosi, da sauransu. Hausa ita ce harshen bariki, har mutanen kudu su kan kira kowane soja Bahaushe ko da bai taɓa ganin Kano ba. Alhaji Gurunshi, wanda a ke cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila cikin Babban Yaƙi, a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914, sojan wannan rajimanti ne. Barikin Kamina na nan Tamale sunan wurin da Jamusawa su ke da babbar tashar waya a Togo ya ci. A Yaƙi na Biyu mazajenmu sun je Habasha, sun je Bama, suka komo bayan 1945 da lambobi a ƙirji da Hausar bariki a baki.

Saboda haka sa'ad da Ekklesiyoyin arewa suka nemi masu-koya wa yara tafiyar soja ba su sha wuyar samu ba. Dattawanmu sun ba mu labarin waɗannan mazan jiya. Ba su makara, takalminsu yana ƙyalli ko cikin hunturu, muryarsu kuma ta kan kai ƙarshen unguwa ba tare da lasifika ba. Wahalar ita ce sun saba da wurin da a ke kai mai-laifi gadirum, a yanke masa albashi. A Birged babu gadirum, babu albashin yankewa. Tsohon samanja wanda ya yi shekara ashirin cikin kaki sai ya tarar kyaftin nasa ɗan malamin makaranta ne, sa'an ɗansa, wanda Ekklesiya ta zaɓa domin ya iya koyar da Littafi. Malamin yana ganin samanja ya cika tsawa, samanja yana ganin malamin bai iya ko tsayuwa ba. Inda aka yi dace, fasto ya kan raba musu aiki a fili a gaban dattawa: filin fareti na samanja ne, kyaftin ba ya gyara masa a gaban yara, ajin Littafi da kuɗi da zance da iyaye kuwa na kyaftin ne. Inda ba a yi haka ba, ɗaya daga cikinsu ya kan daina zuwa ba sallama, kamfanin kuma ya rasa ko dai tsari ko dai koyarwa.

Gwaji mafi girma ya zo bayan mulkin kai. A 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Young Pioneers, Z. B. Shardow ne shugabanta. Tana da kayan sawa, da fareti, da kuɗin gwamnati, da ma'aikata masu-albashi, ta kuma shiga makarantu. Ga shi kuwa hafsoshin ƙungiyoyin Ekklesiya da yawa malaman makaranta ne, waɗanda abincinsu ke hannun gwamnati. Abin da ya tayar da hankalin masu-bi shi ne kirarin da a ke koya wa yara, wanda ya ba shugaban ƙasa irin yabon da mu ke ajiye wa Ubangiji kaɗai. Cikin watan Agusta 1962 Bishop Richard Roseveare na Ankara ya yi magana a fili a kan wannan, aka kore shi daga ƙasar, bayan 'yan watanni aka bar shi ya komo. Da soja suka yi juyin mulki ran 24 ga Fabrairu 1966 sai aka rushe ƙungiyar. Ba za mu zargi malaman da suka shiga ba, gama mai-iyali ba ya wasa da bakin tukunyarsa, Nkrumah kuma ya yi wa arewa alheri a wajen ilimi wanda ba a manta ba. Abin da mu ke lura da shi kawai, ƙungiyar da ke tsaye bisa albashi ta tafi tare da mai-biya cikin kwana ɗaya, Birged kuwa da 'yan kwabbanta na baiko tana nan a Ghana har yau.

Namu idanun sun ga waɗansu kwanaki masu-nauyi. Cikin Fabrairu 1994 faɗa ya tashi tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonja, mutane da yawa suka hallaka. Cikin Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi, aka sa dokar hana fita da dare a Tamale, sarautar kuwa ba ta daidaita ba sai da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a Janairu 2019. Ekklesiyar birni taron kabilu ce, hafsoshinta ma haka. Kyaftin ba shi da ikon ya umurci mutum ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda danginsa suka ƙone garinsu. Sai dai ya bi su gida gida, ya zauna, ya saurara, ya roƙa. A irin waɗannan kwanaki kuma ganga da begila da samari cikin sahu ba abin fitarwa kan titi ba ne, sai mu ajiye su, mu gode wa waɗanda suka raba mu da bindigar itace tun 1926.

Yau damuwarmu ta fi ƙanƙanta, amma ba ta ƙarewa. Gwamnati ta kan ɗauke mana malami ko malamin asibiti ta kai shi wata gunduma a tsakiyar shekara. Da damina rabin hafsoshi suna gona a ƙauye, da rani waɗansu suna lambu a bakin dam na Bulpiela har magariba. Makarantun sakandare kuma suna da nasu kadet, abin da aka fara a Takoradi a 1954, da kaki sosai da sojan gaske masu-koyarwa, ran 6 ga Maris kuwa su a ke kallo. Manyan yaranmu su kan yi sha'awarsu, ba laifi. Dabararmu ita ce kada aiki ya rataya ga mutum ɗaya. Kowane hafsa yana da mataimaki wanda ya san inda littafin suna da makullin akwatin ganga su ke, saje mai-hankali kuma tun yana yaro a ke fara ba shi aji ya koyar, domin ran da ya kai shekarun hafsa a gabatar da shi ga dattawa.

Akwai dokokin da dattawanmu ba su sani ba, mu kuwa ba mu sassauta su ko ga wanda ya fi mu shekaru. Ba a dūkan yaro. Hafsa ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, a zango ko a gari, tilas manya biyu su kasance. Wanda ya zo neman aikin, kome ƙwarewarsa a fareti, sai dattawan Ekklesiya sun bincika halinsa. Mun rasa masu-taimako saboda waɗannan dokoki, gama mutumin da ke ba da lokacinsa kyauta ya kan ji zafi in aka tambaye shi shaida. Mu kan gaya masa dokar ta hau kan kyaftin da fasto kafin ta hau kansa.

Maƙwabtanmu kuwa mafi yawansu Musulmi ne, ganga kuma ba ta zaɓen kunne. Yaransu su kan taru a bakin fili, waɗansu su roƙa a sa su cikin sahu. Umurninmu ga kowane hafsa shi ne kada ya rubuta sunan yaro sai ya je gidansu da kansa, ya gaida uban, ya faɗa masa da Dagbanli ko da Hausa cewa bayan fareti akwai ajin Littafi Mai-Tsarki da addu'a cikin sunan Yesu. In uban ya ce a'a, hafsa ya yi godiya ya tashi, yaron kuwa yana da izini ya zo kallo duk ran da ya ga dama.