Daga Fadar Sarki Zuwa Fadar Shayi

Da na koma Gidimuni hutu, wani dare na ce wa kakana, "Za ni fada." Sai ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Me ka yi aka kira ka?" Ni na yi dariya, shi bai yi ba. A bakinsa fada wuri ɗaya ce: ƙofar sarki, inda ake tuɓe takalmi tun daga nesa, a faɗi a yi gaisuwa. A bakina kuwa tabarma ce a gindin katanga, da butar shayi bisa gawayi, da samari takwas waɗanda babu mai albashi a cikinsu. Ilimin harshe nake karanta a jami'a, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Yaya aka yi kalmar masu mulki ta faɗo hannun marasa aiki?

Sai mun koma baya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kai ƙarshen ƙarfinta. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a garin ake ƙera igwa, ayarin raƙuma daga Tarabulus na sauka a Zango kafin su wuce Kano. Kowa ya san matsayinsa: ƴaƴan sarki da masu sarauta, malamai, fatake, talakawa, masu sana'ar gado irin su maƙera da mahauta da maroƙa, sannan bayi. Amma kada mu ɗauka abin a miƙe yake kamar tsani. Talakan da ke noman lambu a bakin tafkin Gidimuni ɗa ne, ba wanda ya mallake shi, amma in bawan sarki ya iso bisa doki da saƙon fada, ɗan ne zai durƙusa. Kusanci da fada shi ne ma'auni, wani lokaci ma ya fi asali nauyi.

Nasara suka zo suka girgiza wannan tsari. A 1898, zamanin Amadu Kuran Daga, aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Shekara na zagayowa Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. A 1905 suka yi dokar hana bauta a ƙasashen da suke mulki, a 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa bisa zargin yana shirya musu tawaye, suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, da naɗin Barma Mustafa. Bayan shekara uku, a 1926, aka ɗauke babban birni daga Zinder aka kai Yamai. Fataucin hamada kuwa ya riga ya mutu tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta gaje shi.

Ni inda na fi ganin sauyin shi ne a bakin mutane. Kalmomi suka shigo, kowace da mutumin da ta kawo: kumandan, jandarma, lakwal, mushe. Mushe dai ba na dabbar da ta mutu ba a yanka ba, "monsieur" ne Bahaushe ya tauna ya ba malamin makaranta. Kakana ya ce da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, manya ɓoye nasu suka yi, aka tura ƴaƴan marasa gata. Ka ga ikon Allah, bayan 1960 waɗannan ne suka zauna bisa kujera, ƴaƴan manya na zuwa neman sa hannunsu. Ga kuma alhazan gyaɗa a gefe, su ba sarauta ba boko, amma maroƙi ya san ƙofarsu.

To, iyayenmu sun tashi da yarda cewa takarda ita ce sabuwar sarauta. Ba ta daɗe ba. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, daga baya gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki, a Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. A cikin waɗannan shekaru na 1990 ne samari suka fara kiran mazauninsu fada, ana ma cewa a Zinder abin ya soma. Suka rubuta suna a bango, suka zaɓi shugaba, suka sa tarar wanda ya makara. Wasu na cewa raha ce kawai. Ni ban yarda ba. Wanda ba a kira shi fadar sarki ba, ba a kira shi ofis ba, shi ne ya kafa tasa inda za a saurare shi. Dubi ma ƙungiyoyin ƴan ƙarfi na unguwar Kara-Kara, waɗanda Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021: "palais" suke kiran kansu, wato fada ce dai, da Faransanci.

A fadarmu ba a tambayar asalin kowa, kofi ɗaya ke zagayawa. Na daɗe ina alfahari da haka, har bara. Wani abokinmu, wanda ya fi mu duka ƙwaƙwalwa a aji, ya aika neman aure. Gidan yarinyar suka ce a ba su sati biyu su yi bincike. Ba halinsa suka bincika ba, ba karatunsa ba. Kakan kakansa suka tono, a ƙasar da dokarta ta mai da bauta laifi tun 2003. Amsar da aka aiko ba ta ambaci komai ba, cewa aka yi an riga an yi wa yarinyar miji.

Daren nan ya zo fada kamar kullum, ya haɗa shayi, ya raba. A cikinmu akwai ɗan'uwan yarinyar, ya karɓi kofin ya sha. Har aka tashi ba wanda ya ta da maganar, ni ma ban tayar ba.