Asusun Bai-Ɗaya: Yadda gwamnati ta tattara kuɗinta wuri guda

Asusun Bai-Ɗaya, wanda aka fi sani da TSA, tsari ne da ke tattara kuɗin gwamnati a asusu guda, ko a rukunin asusai masu haɗe da juna, a Babban Bankin Ƙasa. Can kuɗin shiga ke taruwa, daga can kuma ake biyan buƙatun ma'aikatu da hukumomi. Manufarsa ita ce gwamnati ta san, a kowace rana, nawa take da shi kuma ina yake.

A Najeriya tushen tsarin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 80 ya tanadi cewa kuɗin da gwamnatin tarayya ta tara su shiga asusu ɗaya, kada kuma a taɓa su sai da amincewar Majalisar Tarayya. A aikace ba haka abin yake ba. Hukumomi sun buɗe dubban asusai a bankunan kasuwanci, waɗansu ma Ofishin Akanta-Janar bai san da su ba. Yayin da wata hukuma ke ajiye da biliyoyin naira ba ta amfani da su, wata ta kasa biyan ɗan kwangilar da ke gina asibiti. Mafi muni, bankuna kan ɗauki waɗannan kuɗi su sayi takardun lamunin gwamnati, wato gwamnati tana aron kuɗinta da kanta, tana kuma biyan kuɗin ruwa a kai.

An fara gwajin tsarin a 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, da wani ɓangare na hukumomi, amma da yawa daga cikin masu tara kuɗi sosai sun noƙe. A watan Agustan 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci dukkan ma'aikatu da hukumomi su shiga, aka kuma ba su wa'adin 15 ga Satumba. Ana biyan kuɗin ta manhajar Remita ta kamfanin SystemSpecs, kuma ladan kashi 1 cikin 100 da ake cira a lokacin ya jawo zazzafar muhawara a Majalisar Dattawa a ƙarshen shekarar. Babban Banki ya ci tarar waɗansu bankuna da suka riƙe kuɗin gwamnati bayan wa'adi. A Agustan 2016 kuma ya dakatar da bankuna 9 daga kasuwar canji saboda kuɗin kamfanin mai na NNPC da ba su miƙa ba. Daga cikin jihohi, Kaduna ta rungumi tsarin tun 2015.

Amfanin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa kuɗin da a da ke ɓoye sun fito fili. Baitulmali ya samu damar biyan buƙatar gaggawa da abin da ke hannu kafin ya nemi rance, kuma hanyar da jami'ai ke bi su ajiye kuɗin hukuma a banki domin a saka masu da wani abu ta ƙuntata ƙwarai.

Sai dai tattara kuɗi wani abu ne, isar da su ga mai buƙata a kan lokaci wani abu ne daban, kuma a nan ne tsarin ya fi shan suka. Asibitocin koyarwa da jami'o'i sun koka cewa jinkirin fitar da kuɗi na kawo cikas ga ayyukan da ba sa jira, kamar sayen magani da man janareto. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana cewa tallafin bincike da ke zuwa daga ƙasashen waje ba kuɗin shigar gwamnati ba ne, don haka bai dace a kulle shi a baitulmali ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin mai ba da tallafi yakan sa wa'adi, kuma ba ya jiran takarda ta gama zagaya ofisoshi a Abuja. A 2024 gwamnati ta amince a cire irin waɗannan kuɗin bincike daga asusun.

Tun kafin nan, a Oktoban 2023, Shugaba Bola Tinubu ya cire Hukumar Babban Birnin Tarayya daga tsarin, bayan Minista Nyesom Wike ya ce yana hana ta karɓar rance daga bankunan kasuwanci domin kammala manyan ayyuka. Masu goyon bayan matakin suna kafa hujja da hanyoyi da gadojin da aka ƙarasa a Abuja daga bisani. Masu adawa kuwa suna fargabar cewa kowace hukuma mai ƙarfi za ta iya kawo irin wannan uzuri, har a wayi gari marasa gata kaɗai suka rage a cikin asusun.