Ɗakuna Huɗu: Gadon da 1983 Ta Bar wa Faifan Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ɗora wa laftof sabuwar babbar manhaja ya san inda hannu ke rawa: shafin da ke tambayar yadda za a raba faifan ajiya. Kuskure ɗaya a nan, sai aikin shekaru ya salwanta. Ƙa'idojin wannan rabo kuwa sun girmi da yawa daga cikin masu amfani da su.

A watan Maris na 1983 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar PC/XT mai faifan megabayit 10, tare da manhajar PC DOS 2.0. A nan aka soma tsarin MBR. An keɓe bayit 512 na farkon faifai: 446 don umarnin tayar da na'ura, 64 don jadawalin rabo, biyu don hatimi. Tunda bayanin kowane kaso yana cin bayit 16, kaso huɗu kacal jadawalin ke ɗauka. A lokacin, ɗakuna huɗu sun ishi kowa har da saura.

Da faifai suka girma, sai aka yi dabara maimakon rushe ginin. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an yarda a mai da ɗaya daga cikin huɗun ya zama kaso mai faɗi, a yanka ƙananan ɗakuna a cikinsa. Dabarar ta yi aiki, amma tana buƙatar a bar mata gurbi. A zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, wasu masu ƙera laftof sukan cike guraben huɗu tun daga masana'anta: na tayarwa, na Windows, na farfaɗowa, da na kayan gyara. Mai son ƙara Linux sai ya tarar ga fili amma babu gurbi, dole ya sadaukar da ɗaya. Ga kuma wani shinge: lissafin MBR ba ya wuce kimanin terabayit biyu.

Mafita ta fito daga Intel, wanda ya tsara GPT a ƙarshen shekarun 1990. Apple ya rungume shi a 2006, kuma Windows 11 ta 2021 ta shardanta UEFI, tsarin tayarwar da ke tafiya da shi. GPT yana ba da gurbi 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin jadawali a ƙarshen faifai, saɓanin MBR da ke riƙe da guda ɗaya tilo.

Sai dai kada wannan ya ruɗi mai karatu. Abin da GPT ke adanawa taswirar gida ce, kayan cikin ɗaki ba su cikin alkawarinsa. Kafin ka taɓa jadawalin rabo, duba ko faifanka MBR ne ko GPT, ka ware wa takardunka kaso dabam da na manhaja, sannan ka kwafe su zuwa wani faifai na waje. Rigakafi ya fi magani.