Yaya Ake Gyara Magana a Gidan Rediyo?

Wani mai sauraronmu daga Sanyinna, ƙaramar hukumar Tambuwal, ya aiko yana cewa: don Allah a ba ni tarihin masu tace murya, domin ban taɓa jin baƙon rediyo ya yi tari ko in'ina ba.

To malam, suna yi mana! Akwai dai wanda aikinsa ke nan, ya share su kafin magana ta iso kunnenka.

Da can a kan faifai irin na garmaho ake ɗaukar magana. In mutum ya yi kuskure, babu gyara, sai a sake daga farko. A 1928 wani injiniya a Jamus, Fritz Pfleumer, ya ƙirƙiro zaren ɗaukar magana, wato tef, a 1935 kuma kamfanin AEG ya nuna na'urarsa a Berlin. Da irin wannan zare Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna na 1962 suka daɗe suna aiki.

Kayan aikin mai tacewa uku ne: reza, fensirin shaida da salatif. Zai murza zaren da hannu a hankali har ya ji inda tarin ya fara, ya sa shaida, ya nemo ƙarshensa, ya yanke, ya liƙe bakin biyu. Sau da yawa zaren na gudun inci 7 da rabi a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ƙaramar kalma ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Daga shekarun 1990 kwamfuta ta soma karɓe aikin, yau kuwa ko da wayar hannu ana yi.

Sai dai fa rezar da ke cire tari tana iya cire gaskiya. A ce shugaban manoma ya ce, "Ba mu yarda da wannan farashi ba." A yanke "ba" ta farko da ta ƙarshe, me ya rage? "Mu yarda da wannan farashi." Muryarsa ce, amma ba maganarsa ba ce. Shi ya sa aikin nan amana ne, kuma gidan rediyon kirki kan adana asalin hirar saboda ranar musu.

A da sai wanda ya ƙware ke iya wannan yanka. Yanzu kowa na iyawa, har ma kwamfuta na kwaikwayon muryar mutum. Don haka jama'a, in an turo muku murya ta WhatsApp a kan farashin taki ko albasa, ko wani malami ko basarake, ku tambayi wanda ya ɗauka, ku nemi cikakkiyar maganar kafin ku sayar da kaya ko ku ƙullaci wani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaida mutanen Sanyinna da na Kebbe.